Ƙanwata da Ba a Ƙirga Ba

Jikata tana da wata waya da ba ta buɗuwa sai ta ga fuskarta. Na karɓa na leƙa, ta ƙi ni. Na yi mata murmushi da sauran haƙoran da suka rage mini, ta ƙara ƙi. Yaran gidan suka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma cikina bai yi dariya ba. Zamani ya zo da mutum ba ya cika mutum sai ƙarfe ya shaida shi. Ka je asibiti a nemi lamba, ka je karɓar taki a nemi kati, ka je zaɓe a ce ɗora yatsa a kan gilashi mu ga ko kai ne kai. Kowa yanzu so yake a rubuta shi, a ɗauki hotonsa, a san da zamansa. Ni kuwa na tashi a inda babban gatan da uwa za ta yi wa ɗanta shi ne ta ɓoye shi kada a san yana duniya, kuma a ɗakinmu aka yi wa wata wannan gatan har ya zame mata kaya.

Ƙauyenmu yana can tsakanin Anka da Bukkuyum, a gefen gulbi. Yau babu kowa a cikinsa sai gara da ƙadangaru, don haka faɗin sunansa ba zai kai kowa ko'ina ba. In na rufe ido ba gidajen nake gani ba, ƙarar garin nake ji: luguden taɓarya tun da hantsi, kukan jakuna in an dawo daga gulbi, kiran matan Fulani masu tallar nono, da tarin kakanmu wanda har gona ake jiyowa. Sai kuma shirun tsakar rana. Yaran yanzu ba su san wannan shirun ba, janareto da babura sun cinye shi. Rana tana take tsaka gari zai yi tsit, ko kaza ba ta tono, sai kurciya guda a kan tsamiyar bayan gari tana ta maimaita abu ɗaya. A wannan lokacin ba a aiken yaro, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ba a kiran sunan mutum da ƙarfi. Tsofaffi suna cewa akwai masu wucewa, kuma kunnensu ya fi namu ji.

Sannan ba a ƙirga 'ya'ya. In baƙuwa ta tambayi mace yaranta nawa, an san gidansu ba a yi mata faɗa ba, kuma amsar da za ta samu ita ce, suna nan dai. Inna ta fi kowa tsanani a kan wannan, kuma tana da dalili, don wabi take yi. Ni ce ta fari, na tsaya. Duk wanda ya biyo bayana sai ya yi kyau, ya yi ɓul-ɓul, ya fara zama ko rarrafe, sai a wayi gari jikinsa da zafi, kafin la'asar Baba ya fita da shi naɗe a 'yar tabarma. Har yau in na ga an naɗe ƙaramar tabarma sai na kau da kai. Inna ba ta kiran mutuwa da sunanta, Baƙuwa take ce mata. Liman ya sha gaya mata camfi ne, ajali ba ya bin lissafin kowa. Sai ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne, ta dawo gida ta ci gaba da abinta.

Na yi wayo sosai, har ina ɗebo ruwa a ƙaramin tulu, aka sake haifar mana mace. Ba guɗa, ba barka. Ranar suna aka yanka ɗan akuya a bayan ɗaki ba tare da maroƙi ba, Baba ya raɗa sunan a kunnen jaririyar da na Inna, magana ta ƙare. Da rana ta take tsaka, lokacin da aka hana kowa fita, Inna ta naɗe jaririyar a tsumman da ya fi kowanne tsufa a gidan, ta ce in biyo ta. Muka zagaya juji, inda ake zubar da toka da shara. Ta kwantar da ita a kan tokar, ta juya mata baya, ta ɗaga murya. Inna da ko faɗa take yi ba a jinta a ƙofar gida, ran nan har tsamiya an ji ta.

"Ba ni son ta. Ba ɗiyata ba ta. Mai so shi ɗauka."

Ta ja hannuna muka koma bayan danga muka laɓe. Ta matse mini wuyan hannu har na ji a ƙashi. Abin da har yanzu yake tayar mini da tsikar jiki shi ne jaririyar ba ta yi kuka ba, kurciyar nan ma ta yi shiru. Sai wata 'yar guguwa ta taso daga wajen tsamiya, ta biyo hanyar gidanmu a hankali. Da ta zo daidai jujin ta tsaya tana juya busassun ganye, ta daɗe a tsaye, sannan ta karkace ta yi gabas. Ba zan ce ga abin da na gani ba. Iska ce da ganye.

Can sai ga wata Bafulatana mai kawo mana nono, wadda Inna ta riga ta shirya da ita. Ta sauke ƙwaryarta, ta ɗauki jaririyar tana cewa ta yi tsintuwa, ta yi tsintuwa, don kowa ya ji. Ta shigo gida ta miƙa wa Inna ta ce ga ajiya, a shayar mata da ita, in ta dawo daga mashekari, can inda suke kai shanu, za ta karɓa. Ba ta taɓa karɓa ba. Wanzami ya tsage gefen kunnen yarinyar na hagu, aka riƙa kiranta Ayashe, wato wadda aka yasar. Da yamma Inna ta zaunar da ni a gaban murhu, ta riƙe haɓata don in dube ta.

"Duk wanda ya tambaye ki, ko sarki na, ki ce ba tamu ba ta. Randa kic ce ƙanwarki ta, rannan kin miƙa ta ga Baƙuwa da hannunki."

Ayashe ta rayu. Ta yi rarrafe, ta yi tafiya, aka yaye ta, babu ko zazzaɓi. Inna ba ta taɓa goya ta da sabon zane ba, ba ta taɓa yabon ta a gaban mutane ba. In za ta ba ta nama sai ta ajiye a kan murfi ta kau da kai, kamar an manta da shi. Amma na sha kama ta tana kallon yarinyar in ta yi barcin rana, irin kallon da ba a yi wa ajiyar mutane. Tare muke surfe, tare muke roron gyaɗa, zane ɗaya muke rufa da shi, kuma ina son ta fiye da kowa a duniya, amma bakina bai taɓa cewa ƙanwata ba. 'Yar ajiyar gidanmu nake cewa. Duk garin ya taya mu riƙe wannan magana, manya suna yi suna sane, yara suna ji suna ɗauka. In masu ƙidaya suka zo da allinsu suna zana lamba a bango, sai Inna ta cusa Ayashe cikin rumbu ta rufe. In masu yi wa yara lambar rigakafi a hannu suka zo, rumbu. Ta san cikin rumbun nan fiye da ɓerayen gidan. Ko ranar ɗaurin aurenta, a kunne Baba ya gaya wa liman sunan, liman ma ya hadiye rabinsa.

Ina ɗakin miji aka fara cewa mata ma za su jefa ƙuri'a. Ban manta rajistar lokacin ba: teburi ɗaya a ƙarƙashin durumi, malami da alƙalami, mai gari a gefe kan buzu. Ka faɗi suna, mai gari ya ce ya san ka, an gama. Babu hoto, babu yatsa. Magidanci zai zo ya lissafa matansa daga nan inda yake tsaye a ba shi katunansu, in ya ga dama ya ƙara da wadda ya saka bara da wadda ta rasu. Akwai wani maƙwabcinmu da ake tsokana cewa har jakinsa ya yi zaɓe, kuma bai taɓa musantawa ba. Masu cewa da can an fi gaskiya, ni dai ina wurin. Abin da za a ce kawai shi ne babu mai rai da aka kora don ba shi da takarda. Na je aka rubuta ni, na dawo ina taƙama. Ayashe tana amarya a lokacin, Inna ta aika mata kada ta kuskura ta leƙo ƙofa, ita kuwa ba ta taɓa tsallake maganar Inna ba.

Haka ta yi rayuwarta ba a rubuce ba, kuma abin da Inna ta nema ta samu, har ya wuce yadda ta nema. Baba ya rasu, Inna ta bi shi, mijin Ayashe ya tafi, ita ko ciwon kai ban taɓa jin ta ce ba. Da aka shiga haƙar zinari, ana kawo dutse cikin gida mata suna dakawa a turmi, ta fi kowa daka, ƙurar tana sauka a kan tuwo da kan yara ba mu san guba ce ba. Jikokinta suka fara sanƙarewa a hannunta, ido ya juye, jiki ya yi ta karkarwa. Ita ta shaƙi ƙurar fiye da su, ita ta yi musu wanka na ƙarshe. Sannan ranar da 'yan bindiga suka shigo mana, da rana tsaka ne, tana zaune a ƙofar gida tana tsinkar zogale. Ni ina ƙarƙashin gado ina jiyo komai. Sun harbi ɗanta na ƙarshe a gabanta, sun kora shanu, sun bi ta gefenta har rigar ɗayansu ta taɓa ƙwaryarta, babu wanda ya dube ta. Ta ce mini ta yi musu magana, ta ce ga ni nan, amma kamar da bango suke wucewa.

Yanzu muna Anka, ɗaki ɗaya ni da ita a gidan ɗana. Wata safiya rediyo yana ta sanarwa cewa an buɗe rajistar masu zaɓe, wanda bai taɓa yi ba ya je da kansa, ba a aike. Ayashe ta ajiye kofin kununta.

"Yaya, zuwa za ni a rubuta ni."

Na ce mata tsufa ya fara taɓa ta. Na ce waɗanda muka zaɓa shekara da shekaru me suka tsinana mana, ga mu a ɗakin aro. Na kawo dalilai iri-iri, duk na bar na gaskiyar a ciki, ita kuwa ta san shi.

"Tsoro kike ji," in ji ta. "Ni kau na gaji da tsallakewa. Kowa nawa an ɗauka an bar ni zaune awa kututture. In ana ƙirgan mutanen garinmu da sunka saura, a ƙirga da ni. In ana tambayar wa ka son a maishe mu gida, ni ma ina da hannu."

Ban yi barcin kirki ba a kwanakin, amma na ɗauki mayafina na bi ta. Wurin cike yake da mutane, janareto yana ta ruri a bakin taga. Mai rubutawar wata yarinya ce da ɗan gicciye a wuya, da gani baƙuwa ce a ƙasar nan, Hausarta irin ta rediyo. A gefenta ɗan marigayi mai garinmu yana zaune, shi yake shaida mutanenmu da takardunsu suka ƙone. Da layi ya zo kanmu, yarinyar ta gaishe mu da ladabi ta tambayi suna. Ayashe ta ce Ayashe. Aka tambayi sunan mahaifi, ta yi shiru. Aka tambayi takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, babu. Sai yarinyar ta juya ga ɗan mai gari, shi kuwa bawan Allah ya faɗi abin da ya tashi yana ji tun yana yaro.

"Wagga ai tsintuwa ta. Wata Bahillata tat tsince ta, tab bar ta ajiya. Ba a san ubanta ba, ba a san inda anka hito da ita ba."

Ba mugunta ya yi ba. Manyan da suka san wasa ake yi duk sun kwanta dama, waɗanda suka rage sun ɗauki wasan gaskiya. Yarinyar ta ajiye hannu daga kan na'urarta.

"Mama, ki yi haƙuri," ta ce da Ayashe. "Ba na so in mayar da ke. Duk ɗan ƙasa da ya kai shekaru haƙƙinsa ne a rubuta shi, amma sai na tabbatar ke 'yar ƙasar nan ce. Babu wanda ya san asalinki, ya tsaya miki?"

Ayashe ba ta roƙe ni ba. Juyowa kawai ta yi ta dube ni, da tsagaggen kunnenta a waje don mayafin ya zame. Ni na yi karatun allo, na yi na yaƙi da jahilci, na san rai a hannun Allah yake. Amma wallahi a lokacin na ji yatsun Inna a haɓata. In na yi shiru, Ayashe za ta koma gida yadda ta zo, ba kowa ba, ta ci gaba da zama a gefena lafiya lau. In na yi magana, ban san abin da na buɗe wa ƙofa ba. Na dubi hannuwanta da suka wanke gawa bayan gawa, sai na ji kunyar shiruna ta fi tsorona.

"Ƙanwata ta," na ce. "Uwa ɗaya, uba ɗaya. Ga idona anka haihe ta, ga idona anka aje ta bisa juji don ta rayu. Sunanta Hauwa'u."

Na faɗi sunan Baba a bayansa, da ƙarfi. Ina rufe baki janareton ya mutu. Fankar da ke sama ta yi ta juyi tana raguwa har ta tsaya, mutanen da ke ta hayaniya a layi suka yi tsit lokaci guda. Ban waiwaya ba. Wani ya ce mai ne ya ƙare, aka fita aka zuba, wuta ta dawo. Ɗan mai gari yana ta salati yana ba mu haƙuri, ya sa hannu a kan shaidata.

Saura yatsu. Aka ɗora babban yatsanta a gilashin, na'ura ta ƙi. Aka goge, aka sake, ta ƙi. Taɓarya da dutsen zinari sun cinye zanen hannun, ya yi sumul kamar bayan ludayi. Ayashe ta yi wata 'yar dariya da ban so ba.

"Kin gani, Yaya? Ita ma ba ta ganina."

Masu layi suka fara gunaguni, wani ya ce a ture tsohuwar gefe mutane na da abin yi. Yarinyar nan ba ta ko dube shi ba. Ta jiƙa auduga tana goge yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana dannawa a hankali, tana cewa ba laifin Mama ba ne, aiki ne ya cinye, kuma ba a korar mutum don ya yi aiki. A kan ƙaramin yatsan hagu, wanda taɓarya ba ta cika samu ba, na'urar ta yi ƙara ta kawo koriyar wuta. Aka ɗauki fuskarta. Yarinyar ta karanta abin da ta rubuta don a tabbatar, ta ce Hauwa'u, haka ne? Ayashe ta daɗe kafin ta amsa, kamar mai jiran wata ta riga ta. Sannan ta ce na'am.

Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kama ta, na farko a rayuwarta. Ɗana ya ce sauro ne da tsufa, likita ma haka ya ce, kuma na yarda da su da rana. Na zauna a gefenta ina kuka ina cewa ni na jawo, ita kuwa tana kwance tana shafa goshinta mai zafi da mamaki, kamar wadda aka yi wa kyauta. Ciwon ya ƙi tafiya, yana sauka yana hawa, tana ramewa. Da katin ya fito aka ce sai mai shi ya zo da kansa, ko ɗa ba ya karɓar wa uwa. Na so in yi masifa, ta hana ni, ta ce dokar ta yi mata daidai. Aka ɗora ta a babur, ɗana yana tuƙi ni ina riƙe da ita ta baya, ta karɓo abinta da hannunta.

Zaɓen bai zo ba tukuna. Kullum tana tambayar yara saura yaushe, kullum ina auna numfashinta da kwanakin da suka faɗa, ban san wanda zai riga wani ba. Ta ce ko a kan baro ne a tura ta. Jiya bayan azahar ina ba ta kunu a cokali, ta riƙe hannuna ta ciro katin daga ƙarƙashin matashi ta ɗora mini a tafi.

"In ban kai ba, kar ki bari kowa shi jefa da shi. Ki tai ki ishe yarinyar nan ki ce ta cire sunana."

Na ce ta daina wannan magana, za ta kai, da ƙafarta ma.

"Ki dai tai," in ji ta, tana murmushi. "Ki ce mata Hauwa'u ta rasu. Yanzu ai akwai wadda za a ce ta rasu."